Kwalba ta Huɗu

Kwana uku da dawowar Khaulat daga Umra, gidanta na Azare bai huta da baƙi ba. Tun hantsi mata ke sallama, a zuba musu zamzam a ɗan kofi, su kurɓa su shafa saura a fuska, su ce Allah ya maimaita. Ita aikinta zama da murmushi. Akwatuna kuwa, a danginsu ba wanda ya yi tafiya ke buɗe su ba. Goggo Yelwa, ƙanwar mahaifinta, ita ke karɓar mukulli tun daga bakin ƙofa, ita ta san wanda ya cancanci sallaya da wanda za a sallama da dabino bakwai da carbi. Ba ta rubutawa, ba ta shawara da kowa, kuma ba a taɓa kama ta da mantuwa ba.

A rana ta ukun ƙawarta Suwaiba ta zo. Malamar firamare ce, mace mai jiki, wadda babu shayin rage ƙibar da bai ratsa maƙogwaronta ba. Ta bari falon ya rage mutane, ta matso ta rage murya.

"Maman Fahad, ina saƙona? Bikin ƙanwata saura wata guda."

"Yana nan. Bari in ɗauko miki."

Saƙon nan yana da labari. A masaukinsu na Makka Khaulat ta haɗu da wata mata mai sayar da maganin rage ƙiba, kafso ne baƙi-baƙi a cikin kwali mai rubutun da ba Larabci ba, ba boko ba. Matar ta rantse sati biyu zani zai yi wa mutum yawa. Amma ba ta ɓoye mata komai ba: maganin ba shi da rajista a gida, an hana shigo da shi, idan aka gani a filin jirgi ƙwacewa ake yi. Ta kuma ja mata kunne cewa mai hawan jini ko ciwon zuciya ko kusa kada ya je inda yake. Sannan ta koya mata dabara. Khaulat ta sayi kwalba huɗu ta kafson habbatus-sauda, ta juye na ciki, ta cika su da wannan, ta ɗiga jan farce a gindin kowace don kada ta rikice. A filin jirgi a kan idonta aka kwashe kwalayen wata mata da ke gabanta, matar tana ta magiya. Da aka zo kanta, jami'in ya ɗaga kwalba guda, ya karanta, ya mayar. Ranar Khaulat ta ji daɗin wayonta ƙwarai, har ta ba wa maƙwabciyarta a motar komawa gida cingam.

Ta shiga ɗaki ta jawo baƙar jaka daga bayan gado, ta ɗaga abayoyin da ta naɗe kwalaben a ciki. Babu. Ta zazzage jakar a kan gado, ta bi abayoyin ɗaya bayan ɗaya tana kakkaɓewa.

Goggo Yelwa tana tsakar gida tana ƙulla dabino a leda.

"Goggo, kin taɓa baƙar jakar nan?"

"To wa zai taɓa in ba ni ba? Ke kam ban san irin ajiyarki ba. Habbatus-sauda ta Makka, mai kyau haka, ki cusa ta cikin tsumma kamar abin sata? Na raba wa manya."

"Wa da wa?"

"Kai, wannan 'ya. Bincikena za ki yi?"

"Goggo, don girman Allah, wa da wa?"

Muryar ce ta sa Goggo ta ajiye ledar. Ta fara lissafi da yatsu. Ɗaya ta ajiye wa kanta, tana ƙarƙashin filo, ba ta buɗe ba, tana jiran ranar Juma'a. Ɗaya ta ba Ya Gana ta nan maƙota, saboda baiwar Allah kullum cikin ciwon gwiwa take. Ɗaya ta aika wa Kawu a Chinade.

"Ta huɗun fa?"

"Ta Yaya Malam mana. Tun shekaranjiya na ba direba ya kai masa Katagum, da sallaya da zamzam. A ce 'yarsa ta je ɗakin Allah, shi a ƙarshe zai gani?"

Khaulat ta dafa bango. Malam Abdulmumini, mahaifinta, shekararsa saba'in da biyar, kuma shekara goma ke nan yana kan maganin hawan jini. Ita da kanta take saya ta aika masa duk wata. Kuma ta san halinsa sarai: maganin asibiti sai an yi ta fama, amma abin da aka ce daga Makka ya fito, ko ɗaci ya kai na maɗaci zai haɗiye da bisimilla.

"Ba habbatus-sauda ba ce, Goggo," ta ce. "Maganin rage ƙiba ne. Yana iya kashe mai hawan jini."

Goggo ta yi salati ta dafe ƙirji. Suwaiba, da ta biyo bayanta ta ji komai, ta gyara mayafi ta sulale ba ko sallama.

Khaulat ta kira wayar mahaifinta sau uku, a kashe. Ta kira ƙanenta Kashim da ke zaune tare da shi, ya ce ai yana Kano tun Litinin, kuma tun ruwan shekaranjiya babu sabis a unguwarsu, shi ma ya nema ya gaji. Kawu na Chinade ya ɗauka a bugu na biyu, ya ce kwalbar tana cikin kwabar iyalinsa, ba a ko ɓare ta ba. Ta ce kada kowa ya taɓa, za ta yi bayani. Ba takalmi ta faɗa gidan Ya Gana. Surukar gidan ce ta tare ta a zaure da kwanon abinci a hannu, ta ce ai Iya tana asibiti tun safe, kwana biyu ba ta runtsa ba, zuciyarta sai bugawa take kamar ana daka.

A nan ne ta kira mijinta. Naziru yana shagonsa na kayan gini. Bai san da zancen maganin ba, don ta san da ya sani da bai bari ba. Ta faɗa masa a taƙaice.

"Ki jira ni a ƙofa," kawai ya ce.

A asibiti suka tarar da Ya Gana an ɗaura mata ruwa, idanunta a buɗe tar, leɓɓanta sun bushe. Da ta ga Khaulat sai ta yi ƙoƙarin murmushi.

"'Yar nan, kin ga ban samu na shigo na yi miki godiya ba. Tsarabarki ina sha safe da yamma, sai kuma wannan ciwo ya zo ya katse ni."

Khaulat ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige. Likitar, wata doguwar mata mai tabarau, ta yafito su gefe. Kwalbar tana kan teburinta, ta riga ta ɓare kafso guda a kan takarda. Farin gari ne.

"Habbatus-sauda ba fara ba ce," in ji likitar. "Tun safe nake tambayar 'ya'yanta me ta sha, suna nuna min wannan. Ke kika kawo?"

"Ni ce."

"Mene ne?"

"Na rage ƙiba ne. Ban san sunansa ba. Kwalin na bar shi can."

Likitar ta cire tabarau ta dube ta, kallon da ya fi zagi ciwo.

"Kin zubar da abu ɗaya da zai gaya min da me nake faɗa. Irin waɗannan ba don mugunta aka hana su shigowa ba, Hajiya. Yawancinsu ana cusa musu abin da ke tayar da jini ya sa zuciya gudu, kuma ba a rubutawa a jiki. Mai ƙuruciya ma yana kai ta ƙasa, balle tsohuwa. Wannan mun kama ta da wuri. Akwai wani da ya sha?"

"Mahaifina. Yana Katagum. Yana da hawan jini."

"To me kuke yi a nan?"

Ƙarfe ɗaya da rabi suka bar Azare. Ƙarshen damina ne, ruwa ya ci hanyar ya bar ramuka, ga manyan motoci suna rangaji a gaba ba su da niyyar kaucewa. Naziru yana tuƙi haƙoransa a datse. Khaulat tana riƙe da waya, ta kira, ta saurara, ta sake kira. Lissafi take yi a ranta ba ta so: shekaranjiya da yamma, jiya safe da yamma, yau da safe. Huɗu ke nan in bai ƙara ba. Baffa kuwa, mahaifin nata, mutum ne da in abu ya yi masa, yakan ƙara.

Bayan sun wuce Gadau garken shanu ya cika titi, makiyayin yana tafe a hankali da sandarsa a wuya. Naziru ya danna hon har sai da shanun suka fara tirjewa, sannan ya saki ya kifa kai a kan sitiyari.

"Baban Fahad, ka yi magana mana. Ko zagina ne ka yi."

"Me zan ce? Da kika ɗiga jan farcen, wa kika gaya wa ma'anarsa?"

"Babu."

"Kin san Goggo ce ke buɗe kaya. Tun kina yarinya kin san haka."

Ta sani. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ta yi dabarar da ta wuce jami'an filin jirgi, ta manta da tsohuwa guda mai mukulli a bakin zani.

Sauran tafiyar ta yi ta ne da tunanin mahaifinta. Ita ce 'yar fari, don haka tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin sunanta a bakinsa ba, saboda kunya irin ta mutanen da. Da tana ƙarama "ke" ce, da ta yi aure ta zama "ta Azare". Yakan kira Kashim da sauran da sunansu ya yi musu wasa, ita kuwa sai dai ya tura a kai mata zuma da man shanu, ba saƙon komai. Ta san ƙauna ce, kowa ma ya sani. Duk da haka tana da wani buri na yarinta da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, na ta ji yadda zai furta shi sau ɗaya.

Suna shiga Katagum ana kiran la'asar. Khaulat ta ɗago kai. Wannan lasifika ta masallacin unguwarsu ce, amma muryar ba ta Malam Bubayero ba ce. Shekara talatin shi ke kiran salla a nan, aminin Baffa ne tun suna samari, muryarsa mai kauri ce da ɗan karkarwa a ƙarshe. Wannan ta yau siririya ce, ta wani matashi. Ba ta tsaya tunanin dalili ba, don motar ta riga ta karya kwanar gidansu.

Yana nan. Mahaifin nata yana zaune a dakalin ƙofar gida da buta, yana shafar kai. Lafiyarsa ƙalau. Khaulat ta fito tun motar ba ta gama tsayawa ba, ta zube a gabansa, kuka ya ƙwace mata.

"Subhanallahi. Ta Azare, lafiya? Wa ya rasu?"

"Baffa, maganin nan na cikin kwalba, guda nawa ka sha?"

"Habbar? Ko ɗaya."

Wani sanyi ya ratsa ta tun daga kai har ƙafa. Ta fara hamdala da ƙarfi, Naziru ma ya sauke numfashi ya jingina da mota. Malam Abdulmumini ya ƙarasa wanke ƙafarsa, ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalbar. Ya girgiza ta. Babu ƙara.

"Abin da ya fito daga wurin nan mai albarka ai ba na mutum ɗaya ba ne," ya ce, da ɗan alfahari a muryarsa. "Jiya bayan azahar na zazzage ta a kan buzu, na raba wa 'yan sahun gaba. Kowa biyar-biyar. Na zo kaina sai na ga ta ƙare. Na ce ba komai, ni ina da zamzam."

Hamdalar ta maƙale a bakin Khaulat. 'Yan sahun gaba ta san su duka. Babu ɗan ƙasa da shekara sittin a cikinsu.

Ta faɗa masa. Ba ta rage komai ba, har matar masauki, har jan farce, har Ya Gana da ke kwance da ruwa a hannu. Kanta a ƙasa take magana, tana kallon ruwan alwalarsa yana bin ƙasa. Ta gama. Ya juya kwalbar ya dubi gindinta, ya sa babban yatsa ya shafa ɗigon jan. Sannan ya miƙe ya nufi masallaci da saurin da ta manta yana da shi.

Daga inda take tsaye ta ji lasifikar ta yi ƙara, sai muryarsa ta cika unguwar.

"Salamu alaikum, jama'a. Abdulmumini ne. Maganin da na raba jiya a sahun gaba, kada wanda ya ƙara sha. Ba habbatus-sauda ba ce, kuskure aka yi, yana da illa. Duk wanda na ba, ya kawo abin da ya rage yanzu, kafin a ta da salla. Wanda ya ba iyalinsa ya karɓo. Ni na raba da hannuna, laifina ne. Ku yafe mini."

Ya maimaita sau uku. Ko sau ɗaya bai ambaci wadda ta kawo ba, alhali babu gidan da bai san wadda ta je Umra ba. Mata suka fara leƙowa ta kan katanga. Khaulat ta ja mayafi ta rufe fuska, kunya da baƙin ciki suna cin ta.

Tsofaffin suka fara zuwa. Naziru ya shimfiɗa hankici a bakin masallaci. Wannan ya kwance ƙullin takarda, wancan ya zaro nasa daga naɗin hula, wani ya aika gida aka kawo a cikin gwangwanin ashana. Da yawa ba su sha ba, sun ajiye don ranar da ciwo zai taso. Wani ya sha ɗaya ya ce daren jiya dai bai yi barci ba, ya ɗauka sauro ne. Wani ya sha biyu, ya ce bakinsa kamar an zuba toka. Naziru yana rubuta sunayen waɗanda suka sha a bayan wata takarda, yana ce musu su shirya, asibiti za a tafi a auna su.

Malam Abdulmumini yana tsaye yana bin fuskoki da ido. Kafso sittin ne a kwalbar. Mutum goma ya ba biyar-biyar, goman duk ga su.

"Saura goma," in ji Naziru.

"Na Bubayero ne," Malam ya ce a hankali. "Shi na ninka masa. Ya ce min kwanan nan numfashinsa ba ya kai masa ƙarshen kiran salla."

Matashin da ya yi kiran ya matso. Ya ce ai Malam Bubayero tun azahar bai fito ba, ya aiko cewa jiri yake ji, a riƙe masa.

Gidan bai fi taku hamsin ba. Malam Abdulmumini ne a gaba, Khaulat tana binsa, ba wanda ya ce ta zo, ba wanda ya hana ta. Ya yi sallama a ƙofar turaka, shiru. Matar gidan, Inna Mairo, ta fito daga madafa tana cewa ai barci ya samu, ta hana yara hayaniya don kada su tashe shi. Malam ya ɗaga labule.

Malam Bubayero yana kwance a kan buzunsa, rabin jikinsa a ƙasa. Idonsa biyu. Bakinsa ya karkace gefe guda, miyau yana bin gemunsa. Ya ga amininsa, ya yi yunƙurin magana, abin da ya fito gurnani ne kawai. Hannunsa na dama yana yashe kamar ba nasa ba. Kusa da filo ga kofin zamzam da 'yar takarda a buɗe, kafso uku a ciki.

Inna Mairo ta ƙwalla ƙara. Maza suka shigo, aka ciccibe shi zuwa mota, aka kwantar da shi a kujerar baya. Naziru ya tayar da mota yana cewa a faɗa wa sauran su biyo a wata. Khaulat tana tsaye a gefe, ba ta san inda za ta sa kanta ba. Wannan mutumin ne ya yi mata huɗuba ranar da aka haife ta. Shi ne kuma ya riƙa ba ta alewa duk Juma'a har ta girma.

Mahaifinta ya fito daga gidan a ƙarshe. Ya naɗe takardar da kafso ukun, ya haɗa da kwalbar. Ya tsaya a gabanta, ya dube ta ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Khaulat."

Ta ɗago a firgice. Shekararta talatin da huɗu tana jiran wannan, kuma da za a ba ta zaɓi yanzu, da ta zaɓi ta mutu ba ta ji ba.

"Na'am, Baffa."

"A masallaci na ɗauke miki, don ni na raba. A gaban likita ba zan iya ba, ban san abin da ke ciki ba." Ya kama hannunta ya danƙa mata kwalbar da takardar. "Shiga ki riƙe masa kai. In an tambaya, ke za ki yi magana."

Ta shiga baya ta ɗora kan Malam Bubayero a cinyarta, ta sa gefen mayafinta ta share masa gemu. Idonsa na gefen da ke da lafiya yana kanta, babu fushi a ciki, tambaya ce kawai. Motar ta ja. A bayansu matashin nan ya ta da ikama da siririyar muryarsa.